Wata takwas da EZdrummer 3 a sutudiyona: abin da ya ɗauke mini da abin da ya bar wa Baba

Wani tallan rediyo mai tsawon daƙiƙa 45 ne ya sa na sayi manhajar gangunan nan, EZdrummer 3. Wani Alhaji mai sayar da babura ya zo da kansa, ya zauna a kujerar da nake ajiye wa baƙi, na kunna masa abin da na haɗa. Ya saurara har ƙarshe, ya gyara zaman hularsa, ya ce, "Malam, murya dai ta yi. Amma gangar nan taka kamar keken ɗinki." Na yi dariya don kar ya gane ta shige ni. Gaskiya kuwa ya faɗa. Na kwana biyu ina danna 'yan akwatunan nan 16 na FL Studio, manhajar da nake haɗa kiɗa da ita, kowane bugu ya faɗa kan layinsa cif, da ƙarfi iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Tela ma idan ya jima yana taka keke, ƙafarsa takan ɗan sassauta. Tawa gangar ba ta gajiya, ba ta ko numfashi.

Ni ba baƙon kiɗan da aka riga aka shirya ba ne. A kansa na tashi. A sutudiyon maigidana inda na koyi aiki, fiyano ce ƙirar Yamaha PSR ke yin komai: ka zaɓi salo, ka danna, ganguna su kama, ka danna wani maɓallin su yi juyi, ka danna na ƙarshe su rufe. Waƙoƙin finafinan Hausa da yawa na wancan lokacin a kan irin wannan fiyanon aka gina su, shi ya sa har yau mutane ke cewa "kiɗan fiyano". Daga baya muka koma kwamfuta, muka kama FruityLoops, wadda kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ya sauya wa suna zuwa FL Studio a 2003, mu dai har gobe "Furuti" muke ce mata. Sai kuma zamanin filashi: wani ya tura maka babban fayil cike da kiɗe-kiɗe, dubu biyu, dubu uku, sunayensu duk lambobi, ba ka san gudun ko ɗaya ba sai ka buɗe. Na taɓa sayen irin wannan a hannun wani yaro mai tura waƙoƙi, rabinsu ashe yanko su aka yi daga waƙoƙin mutane, har ana jin wutsiyar muryar mawaƙin a ƙarshe. Araha dai ba ta ado.

EZdrummer na kamfanin Toontrack ne, mutanen garin Umeå a arewacin Suwidin. Na farko ya fito a 2006, na biyu a 2014, wannan na uku a 2022. Gangunan da ke ciki na gaske ne, irin jerin gangunan da makaɗi ɗaya ke zama a tsakiyarsu da sanda biyu da ƙafa biyu. An ɗauki sautinsu a sutudiyon Hansa da ke Balin, a ɗakuna uku masu amo daban-daban, injiniyan da ya yi aikin kuma Michael Ilbert ne. Kuɗinsa dala 179 ne a shafinsu lokacin da na duba. Na jira rangwamen ƙarshen Nuwamba, wani abokina da ke karatu a waje ya biya da katinsa, ni kuma na ba ƙaninsa naira a nan gida. Kafin nan na yi amfani da damar gwaji ta kwana goma da suke bayarwa, kuma ina ba kowa shawara ya fara da ita.

Sauke shi ne aiki. Nauyinsa ya kai kusan gigabayit 15. Na sayi datar dare, na yi kwana uku ina gadi, a dare na biyu aka ɗauke wuta batirin laftof ya mutu a tsakiya. Alhamdu lillahi, manhajarsu ta saukewa ba ta sa na koma farko ba. Wanda ke da shirin saye, ya tanadi data da wuri a faifansa tun kafin ya biya.

Ba zan ɓata lokaci a kan daɗin sautin ba. Yana da daɗi, shi ke nan. Sineyar, wato ƙaramar gangar nan mai kaifin amo, tana da nama, farantan ƙarfen ba sa yanka kunne, kuma akwai haɗe-haɗen sauti da aka riga aka gyara, ka zaɓa ka wuce. Amma da sauti kawai nake nema, da ban fitar da wannan kuɗin ba, domin yawancin aikina na biki ne da tallace-tallace da kasidu, kuma ba kullum suke son gangar Turawa ba. Abin da na biya dominsa yana shafin da suka kira Grooves.

A nan ne aka tara salon kiɗa sama da 2,000, kuma ba sauti ba ne da aka naɗa, MIDI ne. Ga wanda bai saba ba: MIDI ba ya ɗauke da amo ko kaɗan. Takarda ce kawai da ke cewa wace ganga aka buga, a wane lokaci, da wane ƙarfi, ƙarfin kuma ana auna shi har zuwa 127. Bambancin waɗannan da nawa na dannawa shi ne mutum ne mai jini a jika ya zauna ya buga su, aka rubuta motsin hannunsa. Idan ka buɗe ɗaya ka duba, za ka ga hayhat ɗin, wato farantan nan biyu da ke kife da juna, ba ta taɓa maimaita ƙarfi ɗaya sau biyu a jere ba: wannan 96, na gaba 61, na bayansa 88. Za ka ga sineya ta ɗan makara da ƙiftawar ido a bayan layi, da gangan. Za ka ga wasu 'yan ƙananan bugu a tsakani, masu rauni ƙwarai, kamar raɗa, waɗanda kunne ba ya kama su ɗaya-ɗaya amma idan ka goge su sai kiɗan ya mutu. Na shekara fiye da goma ina haɗa kiɗa ban san cewa waɗannan 'yan raɗe-raɗen ne ke sa kafaɗa motsi ba.

Nema kuma shi ne inda ya fi burge ni. Akwai wani abu da suka kira Tap2Find. Kiɗan da ke kaina, ba sai na san sunansa da Turanci ba. Na buɗe, na buga shi da yatsa a kan fiyanona ko da linzamin kwamfuta, kik, wato babbar gangar ƙafa, a nan, sineya a can, zagaye ɗaya ko biyu, sai ya jero mini waɗanda suka fi kama da shi, mafi kusa a sama. Ranar da na fara gwadawa, na buga wannan tsarin da kowane mai haɗa kiɗan zamani a Najeriya ya haddace, uku-uku-biyu, wato akwati na 1, na 4, na 7, sannan na 9, na 12, na 15. Abin da ya fito mini a sama daga ɓangaren kiɗan Latin ne da na fof, waɗanda da hannuna ba zan taɓa buɗewa ba. Na ɗauki ɗaya, na rage gudu zuwa taku 104 a minti, ya zauna daram a ƙarƙashin wata waƙar biki da na yi sati ina fama da ita. Yarona da ke koyon aiki yana tsaye a bayana, ya ce, "Oga, wallahi kamar ya ji abin da ke ranka." Na ce masa ya bar rantsuwa ya je ya duba man janareto.

Bayan ka samu, akwai wurin gyara yadda makaɗin ke bugawa ba tare da ka taɓa ko ɗigo ɗaya ba. Hannun da ke riƙe da gudun kiɗan, wanda suka kira Power Hand, kana iya ɗauke shi daga hayhat ka mayar kan babban faranti idan an shiga amshi, ko kan tom, gangunan nan masu zurfin amo, idan kana son duhu. Akwai maɓallin da ke ƙara yawan bugu ko rage shi a kan kowace ganga. Ka murɗa sama, makaɗin ya cika surutu. Ka murɗa ƙasa, ya kama bakinsa. Wannan na fi amfani da shi fiye da komai, kuma kusan kullum ƙasa nake murɗawa, saboda mawaƙanmu suna cika baiti da kalmomi, ga sunan amarya, ga na ango, ga na iyaye da ƙawaye har da mai ɗinkin anko, ba su bar wa ganga wurin yin kaɗifiri ba. Grid Editor kuma, wato allon da ake jera bugu da hannu, sabo ne a wannan fitowar. Yana aiki lafiya, amma ni hannuna ya riga ya saba da na Furuti, can nake komawa.

Ga dabarar da ta mayar mini da kuɗina. Ba dole ba ne ka yi amfani da gangunansu. Kana iya jan salon da linzami ka jefa shi cikin FL Studio, ka ɗora wa naka sautukan. Akwai tsarin lambobi da aka daɗe da yarda da shi tun 1991, wanda ake kira General MIDI: 36 kik, 38 sineya, 42 rufaffiyar hayhat, 46 buɗaɗɗiya. A Furuti lamba 36 ita ce C3. Manyan gangunan EZdrummer suna bin wannan tsari, sai dai yana da ƙarin lambobi na kansa don bugun gefe da na baki da sauransu, waɗannan sai ka bi su da hannu ka mayar inda kake so, in ba haka ba su yi shiru. Ni abin da nake yi, sai in buɗe FPC, manhajar ganguna da ke cikin Furuti, in sa sautin ƙwarya a gurbin sineya, in sa caki a gurbin hayhat, in bar kik na zamani a ƙasa. Hannun Bature, kayan gida. Wata kasida da na yi da azumin bana haka na gina ta, na ɗora bugun tom a kan sautin mandiri da na naɗa da kaina, kuma babu wanda ya ji ya ce ba zaune aka buga ta ba.

A kula da abu ɗaya a nan, don ni sai da na yi wata guda kafin na gano. FL Studio tana raba kowane taku gida 96 ne idan ba ka canza ba. A gudun 100, kowane gida ya haura kashi shida cikin dubu na daƙiƙa. Wannan 'yar makarar da makaɗin ya yi da gangan, idan ta faɗa tsakanin gida biyu, sai a tura ta zuwa mafi kusa. Ba a cika ji ba, amma a kan kiɗa mai sanyi ni ina ji. Shiga saitin aikin, wurin da aka rubuta PPQ, ka ɗaga lambar kafin ka jawo salon. Kuma don Allah kar ka jawo kiɗan mutum sannan ka danna maɓallin da ke jera komai kan layi. Yarona ya yi mini haka sau ɗaya, wai yana gyara. Ya mayar mini da keken ɗinkin Alhaji.

Sai Bandmate, wanda shi suka fi tallatawa. Kana jefa masa sautin jita ko fiyano ko bes, ya saurara, ya kawo ganga da ta dace. A kan jita mai kaɗawa a fili yana ƙoƙari sosai. Na ba shi wani layin bes na rege, ya ajiye kik a inda ni ma zan ajiye. A kan dogayen sautuka marasa bugu, irin shimfiɗar da muke yi a ƙarƙashin waƙar soyayya, ba shi da abin kamawa, sai ya kawo abin da ya samu. Ina ɗaukarsa kamar sabon yaron shago: yana kawo shawara goma, biyu su yi amfani, kuma ba ya fushi idan ka ƙi sauran.

Yanzu ga inda zanen aro ya kasa rufe katara.

Wata mata ta zo tana son waƙar kamu ga 'yarta, ta ce ita fa kalangu take so, na gaske, irin wanda aka yi mata a nata bikin. Na buɗe Grooves na tace da 6/8, domin yawancin kiɗanmu na gargajiya a kan uku-uku yake tafiya, ba huɗu-huɗu ba. Akwai 6/8 ɗin, amma irin na waƙoƙin Turawa masu jan rai ne, mai rangaji a hankali, nauyinsa a kan bugun farko da na huɗu. Namu ba haka yake zama ba. Namu hannu ɗaya na tafiya da uku, ɗayan na tafiya da biyu, suna saɓawa suna haɗuwa, wannan saɓanin ne ke tsinka jijiyar rawa. Na buga shi a Tap2Find sau biyar, yana kawo mini abin da ya fi kusa a cikin abin da yake da shi. Ban ga laifinsa ba. Ba a yi shi don wannan ba, kuma ba su ce an yi shi don wannan ba. Ƙarin fakitin da suke sayarwa daban, irin su Latin Percussion mai konga da bongo, sun fi matsowa kusa, amma konga ba kalangu ba ce.

Na aika aka ɗauko mini wani dattijo makaɗi da mahaifina ya sani tun suna samari, wanda ya yi shekaru yana yi wa mahauta da 'yan dambe kiɗa. Ya shigo ya dubi kumfar da na manna a bango, ya dubi kwamfuta, bai ce komai ba. Na sa masa abin ji a kunne, na kunna masa ƙararrawar da ke ƙirga gudu. Bai kai zagaye biyu ba ya cire.

"Yaro, wannan ƙwas-ƙwas ɗin na mene ne?"

"Baba, shi ne zai riƙe maka gudu, don kar a yi gaba ko baya."

"Ni zai riƙe wa? Kashe shi. In na gama ka gaya masa ya bi ni."

Na kashe. Ya saƙala kalangun a hammata, ya ɗauki gula, ya fara. Sai da na ga hannunsa na hagu da damtsensa suna aiki a kan tsarkiya, yana matsawa yana saki, sannan na fahimci abin da ya sa babu wani fayil da zai ba ni wannan. Bugu ɗaya ne, amma sautin yakan tashi a ƙasa ya hau sama kafin ya mutu, ko ya faɗo daga sama. Hawa da saukar muryar Hausa yake bi. Ya kira sunan amarya da gangar, ya yi mata kirari, uwar tana zaune a waje ta ji ta gane, ta rangaɗa guɗa. Takardar MIDI da ke cewa "wace ganga, yaushe, da wane ƙarfi" ba ta da gurbin rubuta wannan a salon da aka shirya don gangar Turawa. Akwai hanyar lanƙwasa sauti a MIDI, na sani, kuma na gwada daga baya: na yanka bugunsa ɗaya-ɗaya a Slicex, manhajar yanka sauti ta Furuti, na zana hawa da sauka da linzami. Na kunna masa da ya dawo karɓar sauran kuɗinsa. Ya saurara, ya ce, "Ka yanke masa harshe, sannan kana tambayarsa labari." Ban sake ba.

Abin da na yi a ƙarshe shi ne abin da ya faɗa tun farko. Na bar naɗin nasa yadda yake, dogo, ban yanka ba. Na bi shi na daidaita gudun aikin da nasa, inda ya ɗan ja na ja, inda ya ɗan ruga na ruga. Daga nan na jefa naɗin cikin Bandmate don in ga abin da zai ce. Ya cika wurin da kik, ko'ina ya ji gula ta sauka sai ya sa ƙafa. Na murɗa ƙasa sosai har ya rage 'yan kaɗan, na goge sineya gaba ɗaya, na bar wata hayhat mai laushi da na samo daga wani salon jaz. Wannan hayhat ɗin, da 'yan raɗe-raɗenta, ta zauna a bayan kalangun kamar ɗan amshi mai ladabi. Waƙar ta yi kyau. An buga ta a wurin kamu, aka ce mini tsofaffi ne suka fara tashi.

Na yi wa Baba alƙawari, kuma ina so masu sana'a irin tawa su ji: duk waƙar da na sake sa hannunsa a ciki, da kasonsa. Toontrack sun rubuta sharaɗinsu a fili, ka yi waƙa da salonsu ka sayar, amma ba ka da ikon tattara fayilolin ka sayar a matsayin naka. Idan muna kiyaye wa kamfanin Suwidin haƙƙinsa, ban ga dalilin da za mu naɗi dattijo sau ɗaya, mu ba shi kuɗin mota, mu yi shekara biyar muna cin abinci da damtsensa ba.

To wa ya kamata ya saya? Mai yin tallan rediyo da talabijin, mai kiɗan bayan fage na fim, mai yi wa mawaƙan coci aiki, mai rege ko hailaif, duk wanda ke buƙatar jerin gangunan zamani su yi kamar mutum ne a zaune: wannan zai rage masa wahalar kwanaki zuwa awa guda. Mai amapiano ko tiraf zalla, ya riƙe kuɗinsa. Waɗannan kiɗan inji ne tun asali, tsayuwar bugun kan layi ita ce adonsu, kuma gangar katakon nan ta amapiano da kowa ke nema tana nan cikin Fruity DX10 da ke zuwa da Furuti.

Wanda kuma aljihunsa bai kai ba, akwai hanyoyi. FPC kanta tana zuwa da tarin salon MIDI a ciki, mutane da yawa ba su taɓa buɗe wurin ba. Akwai Hydrogen, manhajar ganga ce ta kyauta. Sannan ga wata tsohuwar dabara da maigidana ya koya mini: fayil ɗin salon Yamaha, mai ƙarewa da .sty, a cikinsa MIDI ne. Ka kwafe shi, ka canza ƙarshen sunan zuwa .mid, ka buɗe a Furuti, gangunan suna tasha ta 9 da ta 10. Duk salon da ka so a tsohuwar fiyanonka kana iya ciro shi haka. Ba za ka samu saurin nema irin na Tap2Find ba, za ka sha tono, amma za ka samu.

A EZdrummer akwai wani wuri da aka ware wa mai shi, User MIDI, inda kake ajiye salon da ka haɗa da kanka. Nawa yanzu yana da 31. Goma sha ɗaya daga ciki na zauna ne na saurari naɗin Baba, na kwaikwayi inda ƙaramar gangar rakiya ke faɗawa, ba kalangun ba, na buga da yatsa a fiyano ba tare da na jera su kan layi ba. Na sa musu suna da Hausa: "kamu 1", "dambe sanyi", "na mahauta". Ranar Asabar zai dawo da ƙaninsa mai kuntuku, na riga na sayi goro da man janareto na awa huɗu.

Alhaji mai babura kuwa ya karɓi tallansa a karo na biyu. Ya saurara, ƙafarsa tana motsi a ƙasan kujera. Da ya ƙare ya tambaye ni nawa na biya makaɗin, don kar in saka masa a lissafi.